Kalmar "sangartacce" ta raba kan zauren masu karatu

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙorafin da na kwana biyu ina haɗiyewa, yau dai zan fitar da shi. Ɗan yayata da ke karatun Turanci a jami'a ya shafe watanni yana damuna da zancen wani littafin Amurka mai suna The Catcher in the Rye, wanda J. D. Salinger ya fitar a 1951, har ya ce mini duk wanda bai karanta shi ba bai san zuciyar matashi ba. Na saya da kuɗina, na hana idona barci dare huɗu, amma wallahi har na kai shafin ƙarshe ban ga abin da duniya take yabo ba. Yaro ne ɗan shekara 16 mai suna Holden Caulfield, an kore shi daga makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali saboda ya faɗi darussa huɗu cikin biyar, kuma maimakon ya nufi gida ya fuskanci iyayensa, sai ya kama ɗaki a otel a birnin New York, ya yi ta gararamba yana zuƙar taba, yana neman a sayar masa da giya, yana kushe duk wanda ya gani. Abin da nake cewa shi ne littafin bai cancanci sunan da ya yi ba, domin babu wani ginin labari a cikinsa, surutun sangartaccen yaro ne kawai aka ɗaure aka sa masa bango. Wanda ya ga akasin haka ya fahimtar da ni.

Malama Mai Alli: Wa alaikumus salam, Yaya. Kowa da abin da ransa yake so a karatu, ba zan tilasta maka son littafin ba, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro, ita ce "sangartacce". Sangartaccen yaro shi ne wanda aka shagwaɓa har ya saba samun abin da yake so, kuma yana jin daɗin halin da yake ciki. Holden bai ji daɗin komai ba daga farkon littafin har ƙarshensa. Ka tsallake mutuwar ƙanensa Allie, wanda sankarar jini ta kashe ranar 18 ga Yuli 1946 yana ɗan shekara 11, lokacin Holden yana da 13. A daren ya kwana a gareji ya farfasa tagogin da hannunsa tsirara, har ya ji raunin da ya hana shi dunƙule hannun sosai bayan shekaru, kuma yana kwance a asibiti aka yi jana'izar. Yaron da bai raka ƙanensa makwanci ba, mahaifiyarsa kuma tana fama da nata baƙin cikin tana raba dare ba barci, ba a kiransa sangartacce.

Baban Ummi: Malama, wane ne a cikin zauren nan bai taɓa binne nasa ba? Ni ina aji uku na sakandare mahaifinmu ya rasu, aka yi addu'ar bakwai na koma makaranta, kuma ban faɗi ko darasi ɗaya ba. Rashi ba ya zama lasisin lalacewa.

Hajiya Maman Tagwaye: Ina bayan Baban Ummi, kuma ban ga dalilin da zai sa a tausasa kalmar ba. Ni ma na karanta littafin, kuma abin da na fi riƙewa shi ne yadda yaron yake wasa da kuɗi. Mahaifinsa lauya ne mai samu, kakarsa tana aiko masa kuɗin murnar ranar haihuwa kusan sau huɗu a shekara saboda ta fara ruɗewa, kuma a daren da zai bar makaranta ya tashi wani ɗalibi daga barci ya sayar masa da tafiretar da aka saya kusan dala 90 a kan dala 20 kacal. Daga nan sai shiga tasi, sai gidan rawa, sai biya wa baƙi kuɗin abin sha. Wanda ya san zafin nema ba ya yin haka. Mu da muke ganin yara sa'anninsa suna tallar ruwa a tsakiyar rana don su kai abin cefane gida, ba za a ce mu zubar wa ɗan lauya hawaye ba saboda duniya ta gundure shi.

Autan Zaure: Ina neman afuwar iyayena, amma Hajiya ta ɗauki rabin hujja ta bar rabi. A wata makarantar da ya yi kafin wannan, an haɗa shi ɗaki da wani yaro mai akwatuna masu araha, sai Holden ya tura nasa masu tsada ƙarƙashin gado don kada abokin zamansa ya ji ƙasƙanci. Haka kuma da ya haɗu da wasu sistocin coci biyu suna karin kumallo da burodi da kofi kawai alhali shi yana cin ƙwai da nama, abin ya dame shi, ya ba su dala 10 sadaka, daga baya ma ya ji haushin bai ƙara ba. Sangartacce ba ya ganin wanda ke ƙasa da shi, balle ya ji kunyar abin da yake da shi. Gaskiyar magana ita ce manya sun saba kiran duk abin da ba su gane ba a halin matashi da sunan sangarta, saboda hakan ya fi sauƙi a kan su zauna su tambaye shi abin da ke damunsa.

Hajiya Maman Tagwaye: Ɗana, na haifi wanda ya girme ka, kuma na yi renon yara tara, nawa da na riƙo, saboda haka ba kai ne za ka koya mini sauraron yaro ba. Ka kawo hujjarka ta akwati, na ji, amma jimlarka ta ƙarshe ba hujja ba ce, gori ne ga duk wani babba da ke zauren nan.

Autan Zaure: Hajiya, ban ambaci sunan kowa ba, kuma idan maganar ta yi kaushi a yi haƙuri, amma ban janye ma'anarta ba.

Baban Ummi: To kun gani. Irin tarbiyyar da littafin yake koyarwa ke nan, yaro ya ba da haƙuri da baki ɗaya ya kuma ƙwace shi da ɗayan.

Malama Mai Alli: Yaya, wannan ba adalci ba ne. Auta ya yi magana cikin ladabi, kuma mu da muke tsaye gaban allo kullum mun san abin da yake nufi, domin sau da yawa yaron da aka kawo mana da sunan taurin kai, idan aka bincika sai a tarar akwai mutuwa ko rabuwar aure a bayansa.

Badamagare: Salamu alaikum. Ni da Faransanci na karanta shi, inda aka sa masa suna L'Attrape-cœurs, wato mai kama zukata, kuma ina ganin kun haɗa kalmomi biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai ɗan gata, akwai sangartacce. Gata abu ne da iyaye suke da shi su ba ɗansu, ba laifin yaro ba ne, ita kuwa sangarta hali ce da take fitowa daga gatan idan babu kwaɓa. Holden ɗan gata ne, wannan babu musu. Amma iyayen da suka yi ta tura ɗansu daga wannan makarantar kwana zuwa waccan, har shi da bakinsa yake cewa wannan kusan ta huɗu ce, ba shagwaɓa shi suka yi ba, nesanta shi suka yi. Abin da ya fi cin ransa kuwa shi ne munafuncin manya, shi ya sa kalmar Turancin nan phony, wato munafuki, ba ta barin bakinsa.

Hajiya Maman Tagwaye: Malam, munafunci kalma ce mai nauyi, kuma an faɗa mana alamomin munafuki, na farkonsu shi ne idan ya yi zance ya yi ƙarya. Wa ya kai yaron nan ƙarya a littafin? A cikin jirgin ƙasa ya haɗu da mahaifiyar wani ɗan makarantarsu, ya ba ta sunan mai sharar ɗakin kwanansu a matsayin sunansa, ya yi ta yabon ɗanta alhali ya tsane shi, ya rufe da cewa za a yi masa tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa. Shi da kansa ya amsa cewa gwanin ƙarya ne. Idan manya munafukai ne, shi mene ne sunansa?

Badamagare: Na karɓi gyara, Hajiya, wataƙila riya ta fi dacewa da abin da yake nufi, wato yin abu don idon mutane.

Autan Zaure: Riya ta fi tafiya da ibada. Kalmar da muke da ita a bakin titi ita ce "ɗan ƙarya", mutumin da yake nuna abin da ba shi ne ba. Misalin da Holden ya bayar shi ne shugaban wata tsohuwar makarantarsa, wanda idan iyaye suka zo ziyara ranar Lahadi yakan daɗe yana fara'a da masu kyan sutura, waɗanda suka zo a tsiyace kuwa ya miƙa musu hannu da murmushin yaƙe ya wuce. Ƙaryar da Holden ya yi wa matar jirgi faranta mata rai ta yi, ta shugaban makarantar kuwa wulaƙanci ce.

Hajiya Maman Tagwaye: Yanzu kuma an fara raba ƙarya gida biyu, mai kyau da marar kyau. Allah ya shirya mana zuri'a.

Na Bakin Kasuwa: Ni ban karanta littafin ba, kuma ba ni da niyya, amma na ji an ce shi ne ya sa aka kashe mawaƙin nan John Lennon, kuma gwamnatin Amurka ta haramta shi. Idan masu shi sun guje shi, ban ga abin da zai sa mu tsaya muna wanke sangartaccen da ke cikinsa ba.

Malama Mai Alli: Malam, gwamnatin Amurka ba ta taɓa haramta shi ba. Wasu makarantu da ɗakunan karatu ne suka riƙa cire shi saboda ashariya da zancen karuwa da ke ciki, har a 1960 aka sallami mai koyarwa daga aiki a garin Tulsa kan sa ɗalibai karanta shi. Gaskiya ne mutumin da ya harbe Lennon ranar 8 ga Disamba 1980 yana ɗauke da littafin, amma miliyoyin mutane sun karanta shi ba su taɓa kowa ba. Kuma ina roƙo wanda bai buɗe littafin ba ya daina yanke wa yaron hukunci da kalmar da ya tsinta a nan.

Na Bakin Kasuwa: Malama, ba sai na sha guba zan san tana kisa ba, kuma Baban Ummi mutum ne da na sani shekara da shekaru, idan ya ce abu bai yi ba, to bai yi ba.

Badamagare: A ƙara da cewa marubucin soja ne da ya sauka gaɓar Normandi a Faransa ranar 6 ga Yuni 1944 a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma bayan yaƙin sai da aka kwantar da shi a asibiti saboda abin da ya gani ya taɓa shi. Mutum irin wannan ba zai ɓata shekaru yana rubuta shagwaɓa ba.

Baban Ummi: Salinger ne ya je yaƙi, ba Holden ba. Holden ko kayan wasan takobin makarantarsu da aka damƙa masa amana bai iya riƙewa ba, a jirgin ƙarƙashin ƙasa ya manta da su.

Malama Mai Alli: Yaya, ka koma wurin da ya lallaɓa gida da dare don ya ga ƙanwarsa Phoebe 'yar shekara 10. Da ta matsa masa ya faɗi abin da yake so ya zama, sai ya ce yana hango dubban yara ƙanana suna wasa a wata gonar hatsi da ke bakin wani rami mai zurfi, babu babba ko ɗaya a wurin sai shi, aikinsa kawai ya tare duk wanda ya nufi faɗawa. Daga nan sunan littafin ya fito, wato mai tarewa a gonar hatsi. Da yarinyar ta ba shi kuɗin da ta tara na Kirsimeti, dala 8 da 'yan canji, kuka ya ɓarke da shi. Washegari yana tafiya a titi, duk sanda zai tsallaka sai ya ji kamar zai nutse ya ɓace, yana roƙon ƙanensa da ya mutu kada ya bar shi ya ɓace. Hausa tana da sunan wanda ya rasa uwa ko uba, maraya, kowa kuma ya san a tausaya masa, amma wanda ya rasa ƙane ba mu sa masa suna ba, shi ya sa muke laluben kalma har muka faɗa kan wadda ba tasa ba.

Hajiya Maman Tagwaye: Yaron da ya karɓi kuɗin ƙanwarsa 'yar shekara 10 bayan ya ƙarar da nasa a gidajen rawa, ni dai na san sunansa, kuma Baban Ummi ya riga ya faɗa.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, zan taƙaita mu rufe. Baban Ummi, wanda kowa ya san shi da karatu da natsuwa, ya kawo ra'ayinsa cewa yaron littafin sangartacce ne, Hajiya kuma ta kafa hujjoji masu ƙarfi daga cikin littafin, na kuɗi da na ƙarya, waɗanda a ganina ba a iya ture su ba. Malama ta yi ƙoƙari wajen nema wa yaron uzuri da rasuwar ƙanensa, mun kuma tausaya, sai dai uzuri ba ya canza sunan hali. Malam Badamagare da kansa ya amsa cewa yaron ɗan gata ne, wanda kusan duk ɗaya ne da abin da ake faɗa, ya kuma janye kalmar munafunci. Saboda haka mafi rinjayen zaure sun tafi a kan cewa kalmar Baban Ummi tana nan daram. Game da Auta, ina ba shi shawara a matsayin uba ya nemi Hajiya shi kaɗai ya ba ta haƙuri cikakke kafin zamanmu na ranar Asabar.