Ranar da kwamfuta ta shigo situdiyo: mutanen Jos, yaya ta same ku?

Baban Ummi, Bauchi Road

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar kiɗa da waƙa. Ina so mu tattara labarin yadda sauyin kayan aiki ya riski kowannenmu, tun waɗanda suka ga zamanin kaset suna raye. Ga nawa.

Na shiga situdiyo a ƙarshen shekarun 1980 ina yaron shago: naɗe waya, goge kan na'ura da auduga da sifirit, sayo wa maigida kaset. Na'urarmu ta ɗaukar sauti Tascam ce mai layi huɗu, wato tana ɗaukar sauti huɗu kowanne daban, irin wadda kamfanin TEAC ya fara fitarwa a 1979. Kaset na kowa da kowa take ci, amma gefe ɗaya, kuma tana jan zaren ninki biyu na gudun rakoda, don haka kaset ɗin C60 mai awa ɗaya minti 15 kacal yake ba ka. In ka cika layi uku da ganga da jita da fiyano, sai ka haɗe su ka juye a na huɗu, ka share ukun don murya da amshi su samu wuri. Da zarar ka juye, magana ta ƙare. In ganga ta danne jita, haka waƙar za ta fita kasuwa, ga kuma shuuu ɗin da ke ƙaruwa a baya duk sanda aka juya. Shi ya sa furodusan wancan lokaci kunne ne jarinsa, kuma nan take yake yanke hukunci, mawaƙi na tsaye yana kallonsa.

Daga baya na ga na'urar ADAT a Legas, layi takwas a kan kaset irin na bidiyo, sauti tas. Kafin mu tara kuɗinta, fiyanon Yamaha PSR ya riga ya mamaye waƙoƙin fim daga Kano, kwamfuta na biye da shi. Wajen 2003 na sa manhajar gyaran sauti Cool Edit Pro a wata tsohuwar kwamfuta Pentium, na ga muryar ɗan Adam a zane a kan allo, ana yankawa ana liƙawa. Daɗi na ji ƙwarai, don aikin mako ya koma na yini. Amma ɗakin da kan cika da makaɗa da 'yan amshi, ana gwaji ana gardama ana shan shayi, ya koma daga ni sai mawaƙi ɗaya a bayan gilashi. Wannan ne ya tsaya mini a rai har yau. Ku fa?

Mai Gula, Gangare

Wa alaikumus salam, Injiniya. Kai ka ji daɗi, mu kuwa mu muka sha a jikinmu. A da kafin a shiga ɗauka sai an aiko gida an ce gobe ana nemana. Rannan wani mai situdiyo ya kira ni, ya ce in buga masa kalangu ɗaiɗai: na sama, na ƙasa, na tsakiya. Ya biya ni, na tafi ina ta godiya. Daga ranar bai sake nemana ba, sai dai in ji bugun hannuna a waƙoƙin da ban san masu su ba.

Abin da yaran nan ba su gane ba, kalangu magana yake yi. Kana rataye da shi a hammata, ka matse tsarkiya murya ta hau, ka saki ta sauka, har ka kira sunan mutum da na kakansa ya waiwayo daga can ƙarshen fili. Wanda ke cikin fiyano kamar hoton mutum ne: ga kama, babu numfashi. Biki da suna ne suka riƙe mu shekarun nan, ba situdiyo ba. Alhamdulillahi, kwanan nan samari sun fara dawowa suna cewa, "Baba, muna son na gaske." In sun zo ina zuwa, amma yanzu sai mun yi ciniki a kan kowace waƙa.

Mama Ladi, Bukuru

Ina gaishe ku duka. Baban Ummi, sannu da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, shugabar waƙa ce a zumuntar mata. Kaset ɗinmu na farko, mota guda muka cika muka shigo Jos, kowa da ankon zaninta, ga tulu ga caki ga ƙarfe. Makirufo biyu ne duk situdiyon. Injiniyan ya jera mu da kansa: mai bayarwa a gaba, masu kakkausar murya can jikin bango, mai buga tulu a lungu an tare ta da katifa. In goyon wata ya yi kuka a baiti na ƙarshe, sai a koma farko. Saboda haka sai mun shafe watanni muna koyo a coci kafin mu yarda mu je.

Da kwamfuta ta zo, wani yaro ya ce mini babu amfanin kwaso mata da yawa, in kawo huɗu masu murya, zai ninka su su zama taro. Mun gwada. Da aka kunna wa mata, wata tsohuwa ta ce, "To ni ina nake a ciki?" Gaskiyarta. Mu ba don a sayar kaɗai muke waƙa ba, kowace tana son jikokinta su ji ta. Amma kada in zalunci na'urar, ita ce kuma ta warware mana. Yanzu injiniya ke ɗauko laftof da makirufo ya same mu a cikin coci, mu tsaya yadda muka saba, babu kuɗin mota. In jariri ya yi kuka, wurin kaɗai ake sakewa.

Ɗan Rikkos

Baba Injiniya, Baba Mai Gula, Mama, ina gaishe ku da girmamawa, amma ku bar ni in yi magana a madadin tsararmu. Da a zamaninku na taso, da ƙila har yanzu ina goge kan na'ura ina jiran maigida ya ba ni dama. Ni a ɗakin mahaifiyata na fara, da manhajar haɗa kiɗa FL Studio da laftof na hannu, makirufo ɗaya da ƙaramin akwatin Focusrite mai shigar da sauti cikin kwamfuta, na toshe taga da bargo. Babu wanda ya ba ni jari. A garin nan M.I da Jesse Jagz da Ice Prince suka taso, kuma ganinsu ne ya sa da yawanmu muka yarda cewa yaron Jos zai iya haɗa kiɗa duniya ta ji.

Maganar manhajar Auto-Tune da ake yawan zaginmu da ita: tun 1997 aka yi ta, don gyara ɗan gocewar murya. Mawaƙa ne ke zuwa su ce a murɗe ta har ƙarshe saboda haka suka ji a waƙar wane. In ka ƙi, gobe suna situdiyon maƙwabcinka.

Mu ma muna da namu ciwon. A kaset in an ɗauke wuta, abin da aka ɗauka na nan. Ni hadis ɗin kwamfutata, wato ma'ajiyarta, ya mutu da aikin mutane a ciki, babu abin da aka ceto. Ga man janareta, ga situdiyo a kowane lungu, kuɗin waƙa ya faɗi warwas. Tambayata, Baba Injiniya: na taɓa ɗaukar kalangu, ya fito siriri kamar ba shi ba. Yaya kuke yi?

Anti Balki, Anguwar Rogo

Ni 'yar amshi ce tun ina budurwa. Da mu uku ko huɗu muke tsayawa a makirufo ɗaya, a maimaita amshi daga farkon waƙa har ƙarshe, kuma in mawaƙi ya ɗau zafi a tsakiya mu ma sai mu ɗaga. Yanzu sau ɗaya nake yi, a kwafa a jera. Kuɗin ya ragu, ba musu. Sai dai a matsayina na matar aure, wani abu ya zo mini da sauƙi: ana turo mini kiɗa daga Kano ta WhatsApp, in shiga situdiyon unguwa da rana in yi nawa, a tura musu, in dawo kafin yara su taso daga Islamiyya. Da can sai dai in bar sana'ar.

Alhaji na Taminus

Ku duka kuna maganar cikin situdiyo, ni kuma a bakin ƙofa nake jiran abin da kuka gama. Mu ke karɓar masta, wato kaset na asali, mu buga kwafi, mu manna hoton mawaƙi, dillalai su kai Bauchi da Lafiya da Yola. Kaset ɗin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba ya kwana a shago, alhali daga shi sai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. A lokacin in kaset ya yi kasuwa, kuɗi na komawa hannun mawaƙi, shi kuma ya koma situdiyo. Gobarar babbar kasuwa a Fabrairun 2002 ta cinye mini kwalaye cike da masta, waƙoƙin mutanen da wasunsu babu kwafinsu ko'ina. Na farfaɗo da sidi, sai memori ya zo, masu tura waƙa a waya suka karɓe kasuwar. Roƙona ɗaya: duk mai tsohon kaset a gida ya kai wa su Injiniya a juye shi a kwamfuta kafin zaren ya ci kansa.

Baban Ummi, Bauchi Road

Allah ya mayar da alheri, Alhaji. A kawo su, amma wanda ya yi fumfuna kada a kunna shi a gida, zai ɓata kansa ya ɓata rakoda.

Ɗan Rikkos, ɗana, na san abin da ya faru: ka manna makirufo a bakin fatar da ake bugu, sai ka kama ƙarar gula kaɗai. Kalangu baki biyu gare shi, kuma makaɗi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ja makirufon baya kamar tsawon kamu biyu, ka saita shi tsakanin bakin gaba da hammatar makaɗi, ka cire bargo ɗaya daga bango don ɗakin ya ɗan amsa. Da damina fata kan saki saboda laimar Jos, a bari ya ɗumama ta tukuna. Ka kashe masa ƙas-ƙas ɗin awon lokaci, ka bar mawaƙi ya tsaya kusa da shi suna ganin juna. In kun gama, kada ka ja bugun ka zaunar da shi kan layukan FL Studio, sauran kiɗan za ka gyara ya bi shi. Ka ɗauko Mai Gula ranar Asabar bayan la'asar ku zo wurina da laftof ɗinka, mu ɗauka a naka da nawa ka ji bambancin da kunnenka.