Ƙaramin dutsen guga na ɗinki: in saya ko in haƙura?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa barguna da guntayen atamfa, kuma kowane haɗi sai na kwantar da shi da guga kafin in ɗora na gaba. Bakin ɗinkin kwatan inci ne, babban ayan yana tauye min ƙyallen gefe, ga tashi daga kan keke kowane minti. Inbata nake amfani da ita, ba ta ɗaukar abu mai cin wuta. Dubu 15 gare ni. Wanda ya taɓa aiki da ƙaramin ayan ɗin nan mai kai kamar kibiya, yana kwantar da atamfa kuwa?

Tsohon Tela: Wa alaikumus salam. 'Yata, nemi dutsen gawayi mai nauyi. Da shi muka goge manyan riguna na shadda tun ba a haife ki ba.

Uwar Biyu: Baba, ai girman ne matsalata. Murabba'in da nake haɗawa bai wuce inci biyu ba.

Anti Mai Abaya: Ni dai ina roƙonki da Allah kada ki saya a intanet. Wata mai talla ta turo min guda, hoto daban kaya daban, babu maɓallin rage zafi. Saura kwana kaɗan biki ina manna duwatsu a leshin amarya, na ɗora shi na ɗaga, sai ga rami. Leshin da uwar ango ta sa a lefe! Na kira mai tallar ta ce ba ta karɓar abin da aka jona, daga baya ta toshe lambata. Na zaga Kantin Kwari ban samu irinsa ba, sai da na sayar da zobena na biya. Gidan nan da na daɗe ina yi musu ɗinki har yau ba su sake kawo min ko ɗankwali ba.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah Ya mayar miki da alheri, Anti.

Maman Ɗalibai: Amin. Amma Anti, leshi da shifon roba ce a jikinsu, dole a shimfiɗa farin ƙyallen auduga a sama, kowane irin ayan ne.

Anti Mai Abaya: Na shimfiɗa, ƙanwata. Har shi ya ƙone. Ba jiya na fara ɗinki ba.

Injiniya: Alama ce ta ayan ɗin wutar 110 ko 120 ne, irin na Amurka. Tamu 230 ce, in aka jona shi kai tsaye zafinsa kan ninka wajen sau huɗu kafin ya mutu. Ku riƙa karanta rubutun jikinsa, in na Amurka ne sai an haɗa da ƙaramar taransifoma. Hajiya mai tambaya, mai kan kibiyar na kamfanin Clover ne na Japan, bai kai wat 50 ba, inbatarki za ta ɗauka. Amma ƙanƙanta ba ƙarancin cin wuta ba ce: ƙaramin ayan ɗin kamfanin Oliso wat 1000 yake ja.

Tsohon Tela: Malam, ka taɓa zura zare a allura? A bar masu sana'a su yi magana.

Injiniya: Baba, ban iya ɗinki ba, amma ni ake kawo wa su in sun ƙone.

Maman Ɗalibai: Ina da mai kibiyar. Yana buɗe bakin ɗinki, yana shiga lungun kwala, yana manna gam a ƙananan wurare. Ki danna ki ɗaga, kada ki ja, ja ke sa yankan karkace ya miƙe har kusurwoyin su ƙi haɗuwa. In kin gama haɗa bargon dole ki koma wa babba. Dubu 28 aka kawo min shi.

Ɗan Sabon Gari: Dubu 28? Hajiya an yanke ki. Dubu 8 muke bayarwa, har da kofin zuba ruwa.

Maman Ɗalibai: Naka na matafiya ne, ɗan China mai tururi. Ba abu ɗaya ba ne.

'Yar Maraɗi: Nan Nijar jaka shida na sefa na ga irin mai tururin, amma ɗiga yake yi kan ƙyalle.

Autan Shago: Ni a sayo min in riƙa goge hular ogana, ko ya yaye ni bana 😂

Anti Mai Abaya: Ka fara iya sa maɓalli tukuna.

Tsohon Tela: Duk wannan magana sai da wuta. Layinmu tun bayan Sallah ba mu ga wutar kirki ba, takardar kuɗi kuwa ba ta fashi.

Injiniya: Tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, masu shaguna da yawa suka koma gawayi.

Ɗan Sabon Gari: Gawayin ma nawa buhu yanzu? Ga ƙaramin janareta ba ya ɗaukar babban ayan, kana jonawa yake shaƙewa.

Uwar Biyu: To wai atamfa mai kauri fa, ninki huɗu a mahaɗa, yana kwantar da ita?

'Yar Maraɗi: Ku kuna da rukuni ma. Mu lokacin zafi sai dare ya raba ake kawo ta, a lokacin nake tashi in yi gugar kayan mutane.