Renjifainda ko babbar DSLR, wacce zan dauka?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum yan uwa masu daukan hoto, don Allah shawara nake nema. Na jima ina aiki da karamar DSLR mai karamar sensa irin ta APS-C da lens din da ake hadowa da ita, yanzu na dan tara abinda zan canza kamara amma kaina ya daure. Zuciyata tana kan renjifainda ta Leica M, ko M10 ko M240 ta hannu tunda sabuwa dai ba zancenta ake ba, amma hankalina yana cemin in dauki Nikon D850 ko Canon 5D Mark IV ko ma 1D X in na samu mai lafiya. Aikina rabi da rabi ne, ina daukan taruka da hoton mutane wanda ake biyana, wani lokacin har kwallo in an kirani, sannan abinda nafi so a raina shine in fita titi in rika daukan mutane suna harkarsu ba wanda ya damu dani. Kudin kamara daya gareni ba biyu ba. Wanda ya taba rike dukansu ya fadamin gsky, renjifainda zata iya rike aikin kudi ko dai abar sha'awa ce kawai?

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na riƙe duka biyun kuma har gobe M ce a wuyana in zan fita don kaina, amma bari in faɗa maka yadda abin yake kada son da nake mata ya ja ka.

Da farko ka sani a M ba ta cikin lens kake leƙawa ba. A DSLR hasken da ya shigo ta lens madubi ne yake tura shi sama zuwa idonka, abin da ka gani shi sensa za ta ɗauka. Ita renjifainda taga ce daban a gefe, a tsakiyarta akwai ɗan faci mai haske da yake nuna maka abu biyu-biyu, kana murza zoben lens har su hau kan juna su zama ɗaya, to fokos ya zauna ke nan. Da hannu, kullum da hannu, tun M3 ta 1954 har M11 ta 2022 babu wadda take fokos da kanta. Daɗin abin shi ne tagar ta fi hoton faɗi, wasu layuka masu haske ne suke nuna maka iyakar firem, don haka kana hango mutum yana tahowa tun bai shigo ba sai ka jira shi ya iso inda kake so. Kuma lokacin da ka danna tagar ba ta yin duhu tunda ba madubin da zai ɗaga, ko ƙifta ido mutum ya yi ka gani. Ga ta ƙarama, M10 da batir ba ta kai giram 700 ba, ka ɗora mata lens ɗin Leica Summicron 35mm duka biyun ba su cika kilo ɗaya ba, mutane sai su ɗauka wata tsohuwar kamarar fim ce ba mai kallon ka. A titi ma sau da yawa ba na tsayawa fokos, in sa 35mm in tsuke ƙofar hasken lens zuwa f/8 in ajiye zoben fokos a mita 3, duk abin da ke tsakanin kusan mita 2 zuwa 7 zai fito tar, dannawa kawai ya rage.

To ga inda gizo ke saƙar. Layukan firem daga 28mm suka fara a 135mm suka tsaya, kuma a 135 ɗin akwatin ɗan mitsitsi ne a tsakiyar taga, ko 90mm a f/2 sai mai ido ne yake samun fokos a kan ƙwayar idon mutum. Zum irin wanda ka saba da shi babu. Kusa kuma facin ba ya bin lens ƙasa da santimita 70, ka ga hoton ƙananan abubuwa ya fita daga lissafi sai da dabara. Sannan tunda taga a gefe take, in ka matso kusa abin da ka gani da abin da lens ya gani suna ɗan saɓawa, layukan suna matsawa su gyara amma ba cif-cif ba. Ƙwallo kuwa kada ma ka sa ta a rai.

MaiZum:

Baba ya gama magana sai dai ya yi ta da ladabi, ni bari in fada kai tsaye. Malam in kamara daya zaka saya kuma da ita kake samun na kashewa to DSLR, ba wani kwana-kwana. Wanda ya biyaka ba ruwansa da yadda kake ji a ranka lokacin da kake murza zobe, hoto yake so ya gani kuma ace lokacin da aka mika kyauta ko aka zura kwallo kana da shi, ba'a maimaita maka wadannan. D850 tanada makin fokos 153 irin na babbar yayarta Nikon D5, firem 7 a sakan daya, in ka sa marikin kasa da babban batir ta kai 9, ga megafiksel 45.7 ka yanke hoto yadda kaga dama. 1D X Mark III firem 16 take yi a sakan kana leke ta taga. Ita M fa kana murza zobe yaro ya riga ya wuce da gudu.

Abinda yafi damuna ma ba gudun bane, katin memori ne. Manyan DSLR ramin kati biyu garesu, kana dauka tana rubutawa a duka biyun, daya ya lalace dayan na nan. M240 da M10 rami daya ne, sai a M11 suka sa memori na ciki 64GB. Ranar da kati ya mutu da aikin mutane a ciki wlh ba sunan kamara zasu tambayeka ba. Batir kuma D850 a awon CIPA (kungiyar masu kera kamara) hoto 1840 ne caji daya, ka wuni kana aiki baka leka jaka ba. Ga filasha kala-kala masu magana da kamara, ga lens tun daga mai fadi sosai har 600mm, ga na makro na daukan kananan abubuwa, ga 24-70 da 70-200 f/2.8 wanda su biyun nan kadai sun isa su rike maka taro daga farko har karshe, kuma in naka ya samu matsala zaka samu na aro ko na haya a wajen abokan sana'a tunda kusan kowa Canon ko Nikon yake rikewa. Sayen M don irin wannan aiki kamar ka sayi dokin sukuwa ne kace shi zai ja maka amalanke.

Nauyi kam na yarda, 1D X kusan kilo daya da rabi ce ita kadai, 70-200 ma haka, ka hada kilo uku a wuya tun safe zuwa dare kafada zata gaya maka. Kuma a titi kana dagata kowa ya juyo.

Yar_Fim:

Ni ba zan shiga fadan ba, amma tunda ta hannu kace zaka saya ka kula da wadanda zaka gani da araha. M8 ta 2006 ba ful-firem bace, wato sensarta bata kai girman fim 35mm ba, 1.33 take yankewa, kuma sensarta tana shan hasken infrared har bakin yadi ya fito kamar shunayya sai ka daura filta a gaban kowane lens. M9 ta 2009 itace ta farko mai ful-firem, sensa CCD ta Kodak megafiksel 18, masu sonta suna yabon kalarta sosai amma gilashin sensar yana cin kansa ya rika fidda dige-dige a hoto, kuma tun 2020 kamfanin ya daina canza sensar, ISO dinta ma, wato karfin daukarta a karancin haske, a 2500 ya tsaya. In dole M ce to daga M240 zuwa sama, ita a kalla zaka iya kallo ta sikirin in facin ya gagareka. Kada ka manta kuma na'urar fokos din karafa da madubai ne kanana, in kamara ta bugu tana iya gocewa, kaga faci ya hade amma hoto ya fito dishi-dishi, kuma ba kowane mai gyara ke taba ta ba. Sannan kana sa tabarau? in kana sawa layukan 28mm da kyar zaka gansu duka lokaci daya. Lens ba dole sai na Leica ba, akwai Voigtländer da Zeiss ZM suna hawa kuma sunfi sauki nesa ba kusa ba.

Dan_Zamani:

Ni tambayata me yasa ma ake zancen DSLR yanzu? Tun 2018 Nikon suka fito da kamarori marasa madubi na Z, Canon suka fito da nasu na RF, a karshen 2021 shugaban Canon Fujio Mitarai ya fada cewa 1D X Mark III itace babbar DSLR dinsu ta karshe, Nikon ma tun D6 ta 2020 basu sake irinta ba. Ka dauki marar madubi kawai, ga fokos mai bin ido, in sha'awar M ta motsa ka sayi adafta ka daura lens dinta shikenan ka huta.

MaiZum:

Oga ai daina kerawa bai sa wadanda ke hannu sun daina daukan hoto ba, hasali ma shi yasa ta hannu suka cika kasuwa da lens dinsu tunda manya suna ta sauyawa, mai karamin karfi yanzu ne lokacinsa. Kuma lens din EF na DSLR din Canon in ya koma RF gobe da adafta zasu yi aiki lafiya, na Nikon ma haka da adaftarsu FTZ sai dai tsofaffin lens na AF-D da zasu rasa otofokos. Zancen daura lens din M a marar madubi kuma yana yi, amma masu fadin irin 21mm da 28mm wasunsu gefen hoto yana dusashewa ko kala ta canza saboda kaurin gilashin dake gaban sensa, kuma wannan tagar da Baba yake yabo ai babu ita, lens din kawai ka samu.

Sabon_Hannu:

Nagode kwarai Allah ya saka da alheri, maganar kati biyu din nan ta shigeni gsky, kuma eh Hajiya ina sa tabarau. Da alama D850 ko 5D Mark IV zan nema, 1D X tayi min nauyi. To Baba ya zanyi da titi kenan, hakura zanyi?

Tsohon_Hannu:

A'a ba haƙura za ka yi ba. Cire mariƙin ƙasa, ajiye zum a gida, sa mata ɗan 35mm f/2 ko 50mm f/1.8, za ka sha mamakin yadda take komawa ƙarama, ai babban gilashin nan ne yake tsorata mutane ba jikin kamarar ba. Kashe otofokos ka gwada abin nan na f/8 da mita 3, ka yi wata da watanni da lens ɗaya har idonka ya riƙa yanka firem tun ba ka ɗaga ta ba. Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto na Faransa da ake ta ambato in an zo zancen Leica mafi yawan aikinsa da 50mm ya yi. In kuma taga ta gefe kake son ɗanɗanawa nemi aron Fujifilm X100 ko X-Pro, ba renjifainda ta gaske ba ce tunda babu facin nan kuma tana fokos da kanta, amma za ka ga layukan firem ka ji ko da tabarau abin zai yi maka.

Wajen saye ka duba lissafin shota, wato sau nawa aka danna ta, an ƙera ta D850 ta kai 200,000, ta 5D Mark IV kuma 150,000, wadda ta kusa nan ka rage kuɗi ko ka wuce. Ka tafi da katinka ka sa a kowane rami ka gwada, sannan ka ɗauki farar takarda ko sararin sama a f/16 ka buɗe hoton a kwamfuta ka ga halin da sensa take ciki kafin ka biya.