Zare yana dunƙulewa a ƙasan yadi a ajin ɗinki

Assalamu alaikum. Ina koyar da ɗinki a makarantar sakandare, kuma ɗaya daga cikin kekunan ajinmu ya hana ɗalibai kammala aikin jarrabawa. Ɗinkin sama yana fita lafiya lau, amma idan aka juya yadin sai a tarar zaren ya dunƙule a ƙasa, har ya tsinke kafin ɗinkin ya kai tsawon yatsa.

Na sauya allura, na sake naɗa zaren ƙasa, na goge ƙurar da ta taru ƙarƙashin farantin allura, na kuma ɗiga mai. Da na ƙara matse zaren sama, sai yadin ya fara tattarewa, dunƙulewar kuwa tana nan.

Don Allah, wane ɓangare na keken ya kamata in duba yanzu?