Kwana uku da sabon babur: wanne ne halinsa, wanne ne laifi?

Sabon Mahayi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Yau kwana uku ke nan da na fara hawan sabon babur ɗina, mai injin 150cc da giya biyar, bayan na shafe shekara shida a kan wani ƙaramin tsoho mai giya huɗu wanda na san halinsa kamar yunwar cikina. Zuwa yanzu mita ta nuna kilomita 86, kuma ina so in faɗi abin da na ji a jikina kafin in zo kan tambayar da ta kawo ni.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin karkarwa. A tsohon babur ɗina, da zarar na wuce kilomita 50 a awa sai madubi ya kama rawa har in kasa tantance abin da ke bayana, hannuna kuma ya sage. A wannan kuwa madubin tsaye yake cak, totur yana amsawa tun ban gama murɗa shi ba. Nauyinsa ma ba na jin sa sai idan zan tura shi da ƙafa in ajiye. Ba zan ɓoye muku ba, daren farko sau biyu ina fita in leƙa shi, ba don na ji motsin komai ba.

Sai dai murnar ta zo da fargaba. Giyar tana da tauri, musamman idan ina neman firi, wato inda babu giyar da ke jan babur, a tsaye, inda ƙafata takan tsallake daga ta ɗaya zuwa ta biyu ta sake dawowa, kuma da safe idan na saka ta ɗaya sai in ji ƙwas, babur ɗin ya ɗan zabura. Idan na yi tafiya na tsaya, wani ƙauri yana tasowa daga wajen salansa, bayan na kashe inji kuma sai in riƙa jin ƙas-ƙas kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙusa. Birkin gaba, wanda na faifai ne, bai kama yadda aka yi ta kuranta mini shi ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a ranar farko: ina shiga wata kwana a kan busasshiyar kwalta, ba da gudu ba, sai tayar baya ta zame, saura ƙiris in sha ƙasa.

To, a cikin waɗannan wanne ne halin kowane sabon babur, wanne ne kuma laifin da ya kamata in mayar a duba? Sannan mutum biyu sun ba ni shawara mai karo da juna: ɗaya ya ce kada in wuce kilomita 40 a awa sai na cika kilomita 1,000, ɗayan ya ce in buɗe masa wuta tun yanzu don kada ya tashi da lalaci.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya tsare, ɗana. Ka kwantar da hankalinka, mafi yawan abin da ka lissafa ba laifi ba ne. Ƙaurin nan fenti ne da maiƙon da aka shafa wa ƙarfe a masana'anta suke ƙonewa a jikin salansa, kuma yakan ɗauke bayan 'yan kwanaki. Abin da za ka ji wa tsoro shi ne warin fetur, ko ka tarar da ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin inji bayan babur ya kwana. Ƙas-ƙas ɗin kuwa ƙarfen da ya buɗe saboda zafi ne yake komawa yadda yake yayin da yake hucewa, kuma babur mai sanyaya inji da iska zai ci gaba da yi maka haka har ya tsufa.

Ƙarar giya ta ɗaya da safe daga kuloci take. Faranten kulocin irin waɗannan babura a jiƙe suke cikin baƙin mai, idan suka kwana man ya yi kauri sai su manne da juna, shi ya sa ko ka matse ba sa rabuwa nan take. Ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki, ka matse kulocin ka saki sau biyu ko uku, za ka ji ƙarar ta ragu. Firi kuma rabin taki ne tsakanin ta ɗaya da ta biyu, ya fi sauƙin samuwa idan ka neme shi babur yana ɗan gangarawa kafin ya tsaya.

Abin da nake so ka riƙe da gaske shi ne juyen farko na baƙin mai. A halin yanzu ringin fistin yana gogar bangon silinda, wanda aka bar masa siraran layuka masu gicciye da gangan domin su ci juna har su zauna daidai, haƙoran giya ma suna gogar juna, duk garin ƙarfen da yake fita kuma cikin baƙin mai yake taruwa. Littafin da aka haɗo ka da shi zai faɗi lokacin. Yawancin kamfanoni suna sa shi tsakanin kilomita 500 da 1,000, kuma ba a wasa da shi. Kada ka yarda a zuba maka man mota. Injinka da giyarka da kulocinka mai ɗaya suke sha, man mota na zamani kuwa ana sa masa sinadaran rage gugar ƙarfe waɗanda suke sa kuloci ya riƙa sulɓi. Ka duba jikin galan ka ga an rubuta JASO MA, ma'aunin da Japan ta fitar a 1998 saboda wannan matsalar, ko MA2 da ya biyo bayansa. A ranar juyen ka sa a duba bawul, a bi notuna a ɗaure, a gyara sarƙa, domin sabuwa tana saurin saki. Babura irin naka galibi suna son wasan santimita biyu zuwa uku a tsakiyarta.

Mai Dogon Zango ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan inji, Allah ya ƙara girma. Ni zan tsaya ne kan shawarwarin nan biyu, waɗanda a ganina babu wadda ta yi daidai. Mai cewa kada ka wuce 40, mitar gudu yake kallo, alhali inji bai san gudun taya ba, abin da ya sani shi ne sau nawa yake juyawa a minti da irin nauyin da aka ɗora masa. Idan ka sa giya ta biyar kana tafiyar 40 ka nufi hawa, za ka ji injin yana kakari yana bugawa, kuma wannan ya fi cutar da shi a kan ka yi 60 a giyar da ta dace. Bugu da ƙari, matsin da wuta take bayarwa lokacin da ka ƙara totur shi ne yake tura ringi jikin silinda har ya zauna, saboda haka lallaɓar da ta wuce kima ba gata ba ce. Abin da ake so shi ne ka riƙa canza giya, ka hau ka sauko, kada ka daɗe a gudu ɗaya, kada ka wuce kamar rabin totur a ɗaruruwan kilomitan farko, ka guji kaya masu nauyi, kuma kada ka bar shi a tsaye yana ta aiki, tunda iskar tafiya ce take sanyaya shi. Shi kuwa mai cewa ka buɗe masa wuta, ka tambaye shi ko shi zai saya maka ringi idan kamfani ya ƙi karɓar garanti.

Maganar taya ita ce na fi so ka ji, ɗan'uwa, don ni ta taɓa kayar da ni a ranar da na sa sabuwa, har yau tabon yana gwiwata. Sabuwar taya tana fitowa da fuska mai sulɓi, kuma masu yin ta suna cewa a bi ta a hankali na kimanin kilomita 150. Tsakiyarta tana saurin gogewa saboda a kanta kake tafiya, amma gefenta yana nan da ƙyallinsa sai ka riƙa kwantar da babur kaɗan-kaɗan, kullum ka ɗan ƙara. Ka tsuguna ka duba tayarka, za ka ga inda ƙyallin ya tsaya. Birki ma haka yake, takalmin da faifan ba su gama haɗa fuska ba. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ka riƙa saukowa daga 50 zuwa 10 da matsakaicin matsi kamar sau goma, kana barin sa ya sha iska a tsakani.

Mai Koyar da Tuƙi ya rubuta:

Malam Sabon Mahayi, ban musa maganar taya ba, amma ina da tambaya guda: ina ƙafarka ta dama take lokacin da tayar ta zame? Na tambaya ne saboda wanda ya shekara shida a kan ƙaramin babur mai birkin ganga, wato wanda ba na faifai ba, yawanci ƙafarsa ce take yi masa aikin tsayawa, hannunsa kuma yana tsoron birkin gaba. Idan ka taka birki nauyin babur da naka gaba suke komawa, tayar baya ta yi sakayau, shi ya sa birkin gaba yake ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa, na baya kuma yake saurin kulle taya. A cikin kwana abin ya fi muni, domin riƙon da taya take yi wa kwalta guda ɗaya ne, idan kwanciyar babur ta ci rabinsa, birki ba zai sami sai abin da ya rage ba. Ka gama rage gudunka kafin ka shiga, ka kai idonka inda kwanar take fita, ka ɗan tura hannun ɓangaren da za ka bi, babur zai kwanta da kansa.

Kada kuma ka ɗauka sabon babur yana nufin akwai ABS, na'urar da take hana taya kullewa. Tarayyar Turai ta fara wajabta ta a kan baburan da suka wuce 125cc a 2016, Indiya ma ta sa ta a kan dukkan sababbi masu wannan girman a 2019, amma da yawa daga waɗanda ake kai wa wasu ƙasashe ba su da ita, kuma a ƙananan babura sau da yawa tayar gaba kaɗai take tsarewa. Ka duba ko akwai wani zobe mai ramuka kusa da faifan birki. Sannan ka auna iskar tayoyinka da safe kafin su yi zafi, ka gwada da lambar da aka manna a jikin babur ɗin kusa da sarƙa.

Sabon Mahayi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, da ku yayyena. Malam mai koyar da tuƙi ya kama ni, domin da na sake bin kwanar nan ina lura da kaina, sai na tarar ƙafata ta riga ta hau birki ban sani ba. Na kuma auna iska da safe, na sami 40 a tayar baya alhali takardar da ke jikin babur 29 ta ce. Ashe wanda ya haɗa shi da babban yatsa ya gwada. Zoben ABS babu shi. Yanzu mita tana kan 212, ƙaurin ya ɗauke, birkin gaba ya fara kamawa da yatsa biyu, firi kuma ina samun sa idan ina gangarawa, ko da yake a tsaye har yanzu sai na yi ta lalube. Littafina ya ce juyen farko a kilomita 500 ne. Baba, idan na je zan tsaya a kansu in ga irin man da zai fito, sannan in dawo in gaya maka ko giyar ta saki.