Karal ɗin bakin gari: a yanka filaye ko a bar wa masakwa?

Dillalin filaye, Marwa: Salamu alaikum jama'a. Magana ɗaya nake tafe da ita: ƙananan garuruwanmu na arewacin Kamaru irin su Bogo da Mindif da Kayele ba za su farfaɗo ba muddin ana ajiye karal, wato filin baƙar laka, a bakin gari saboda masakwa, dawar rani. Kadada ɗaya, wato hekta, murabba'in mita 10,000 ce. A cire kashi 30 cikin ɗari na tituna da makaranta da masallaci, saura filaye 14 masu mita 20 da 25. Iyali 14 ke nan, da shaguna, da harajin da zai shiga ofishin magajin gari.

Injiniyan gini: Alhaji, lissafinka daidai ne a takarda, ƙasar ce ba za ta yarda ba. Karal baƙar laka ce, tana kumbura da damina, ta tsage da rani har hannu ya shiga. Harsashin da aka saba yi a jigawa, in aka kawo shi nan, shekara biyu uku bango ya dare daga kusurwar taga. Sai an haƙa da zurfi, a kwashe lakar, a cike da yashi ko tsakuwa ana daɓewa kaɗan-kaɗan, a zagaye ginin da ɗamarar rodi da siminti ƙasa da sama. Sannan ruwa ba ya nutsewa, masai na cika a watan Agusta ya dawo tsakar gida. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi fili da araha, gini ya cinye shi.

Malamar aikin gona: Kuma Alhaji ya ƙirga karal kamar filin banza. Ana dasa masakwa a Satumba da Oktoba bayan ruwa ya ja, a huda rami da sanda, a zuba ruwa kaɗan, a sa dashe biyu, shi ke nan har girbi a Janairu ko Fabrairu ba ban-ruwa. Wace ƙasa ce kuma ke ba da hatsi tsakiyar rani haka? Karan kuma shi ke riƙe shanu zuwa bazara. Ban da wannan, kunyoyin da manoma ke yi suna tare ruwan sama a gonar. Ka rufe ta da kwano da siminti, ruwan nan tsohuwar unguwa zai nufa.

Dillalin filaye: Hajiya, to mutane su kwana a ina? Gari na ƙaruwa ko mun so ko mun ƙi. In hukuma ba ta yanka ba, masu gona za su sayar da kansu, lungu mita biyu, motar asibiti ba ta shiga.

Tsohon mai safiyo, Garwa: A nan kam Alhaji ya yi gaskiya, hana yanka ba tare da nuna wani wuri ba shi ke haifar da unguwar da ba titi. Dokar tsara birane ta 2004 ta tanadi taƙaitaccen tsari ga ƙananan garuruwa, a yi amfani da shi. Kafin a ja layi ko ɗaya, a fita a Satumba a sa alama duk inda ruwa ya kwanta, da bakin kowane mayo, wato rafi. Wanda ya ga ambaliyar da kogunan Binuwai da Logon suka yi a 2012 ya san dalili. Daga nan a zauna da lawan da jauro, wato dagaci da mai unguwa, da makiyaya a kafa wa burtali da mashaya turakun siminti, domin iyakar da aka yi da baki ba ta kai shekara biyar. Gidaje kuwa a kai su harde, wato faƙo mai tauri, da tudun yashi, inda noma ba ya albarka. Babban titi mita 20, na unguwa 10 zuwa 12, magudana ta riga gini.

Mai renon itatuwa: Baba ya manta inuwa. Abin da baƙo ke tunawa da Marwa dalbejiyar titunanta ne. Rami santimita 50 kowane ɓangare, tazarar mita 8 zuwa 10, a dasa a Yuli, a killace saboda awaki, a yi ban-ruwa rani biyu. Amma a ƙasar laka kar ta kusanci bango da ƙasa da mita 5, saiwarta na shanye danshi, ƙasa ta motsa, gini ya tsage. A gonakin tudu kuma gawo ya fi, tunda yana zubar da ganye da damina.

Dillalin filaye: Na ji, amma harde yakan yi nisa da kasuwa, ba famfo ba wuta. Wa zai saya?

Injiniyan gini: Sai hanya da rijiyar burtsatse su riga sayarwa, Alhaji, a ɗora kuɗinsu a kan farashin kowane fili. Kwatanta wannan da tipa nawa ta yashi gida ɗaya ke sha a karal kafin a aza bulo na farko.