Wai empathy me za mu kira ta da Hausa?

Jama'a a taimaka min, akwai kalmar da ta tsaya min a rai, empathy ɗin nan da ake ta nanata wa ɗaliban likitanci, wato ka sa kanka a matsayin mutum ka fahimci abin da yake ji. Duk wanda na tambaya sai ya ce tausayi, ni kuma wallahi raina bai kwanta ba.

Ƙanena yana da ciwon Duchenne, sunan wani likitan Faransa ne da ya yi bayaninsa a shekarun 1860. Ciwon gado ne, kusan maza kaɗai yake kamawa, jiki ba ya samar da sinadarin distrofin mai kare tsoka sai tsokar ta yi ta lalacewa sannu a hankali. Yana ɗan shekara 4 muka lura in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa ya dafa cinya kamar mai hawa jikin kansa, 'yan unguwa suka ce shan inna ne, amma namu kullum gaba yake yi. Yanzu shekararsa 14, yana kan keken guragu, hannu ma ya fara gazawa.

Tausayi kam ya sha har ya gaji, wayyo, Allah sarki, ana girgiza kai. A asibiti likita zai dubi Umma ya ce Hajiya yana cin abinci? alhali ga yaron nan zaune da bakinsa. Sai ran nan wata ma'aikaciyar fisiyo, masu motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce ƙanena me ya fi damunka, ya ce Anti dare, in gefena ya gaji ba na iya juyawa kuma ina jin nauyin tada Umma. Gida ɗaya muke ban taɓa sanin haka ba. Tun daga ranar muka raba dare ni da Umma.

Abin da matar nan ta yi nake nema wa suna. Wani ya ce jinƙai, to ai jinƙai daga sama yake saukowa, na mai ƙarfi ne a kan mara ƙarfi. Wata ta ce sanin ya kamata, ya yi faɗi da yawa.

Ni dai na karkata ga taya ji. Muna taya murna, muna taya jimami, muna taya aiki, kuma mai tayawa ya san ba shi ne mai abin ba, dole sai ya tambayi mai shi ta ina zai kama. A ce likitan nan akwai taya ji. Ku maimaita a baki ku ji ko ta zauna, musamman ku ma'aikatan asibiti, in da wadda ta fi ta ku kawo.